Kuɓewar Kaka a rufin mota

Jiya maigidana ya samu ya tada tsohuwar motar kakansa, mai kujera biyu, wadda aka saya shekarar samun 'yancin kai. Rufinta na ƙarfe ne, cirewa ake yi. Na daɗe ina mafarkin shigarta a buɗe, mayafina na kaɗawa, kamar matan littattafaina.

Ya ce sai ya ɗora rufin, kada a yi ta kallona.

Muka tarar Kaka ta birkice rufin, ta shanya kuɓewa ciki.

"Kaka, kwashe, ɗorawa za ni yi."

"Ba ta bushe ba, ja'iri. A buɗe kakanka ya ɗauko ni daga Kebbe, na narke?"

Na taɓa kuɓewar, ta bushe ƙayau. Kaka ta ƙifta mini ido.

Har Jabo muka je, sama ce rufinmu. Ku faɗa mini, me zan saya wa tsohuwar nan?