Wanda Zai Tsaya wa Rumbun Bayanai

Shekarar da na kama aiki da wata ƙungiyar makarantu masu zaman kansu a Unguwar Shanu, shafinsu na intanet ya saba faɗuwa duk ranar fitar sakamako. Iyaye su yi masa caa lokaci guda, ya sume. Hajiyar da ke shugabantar ƙungiyar ta ce in ya sake faɗuwa, to da ni zai faɗi.

Na gano ciwon yana rumbun da ke ajiye bayanan ɗalibai. Na gwada sababbin rumbuna guda biyu, mai tambarin giwa da mai tambarin kifi, duka na kyauta, irin waɗanda kowa zai iya buɗe cikinsu ya gyara. Mako uku ina yi musu lodi kamar motar tashar Kawo, na zaɓi mai giwa. Amma ko ni raina bai kwanta ba. Mutanen da ban taɓa gani ba su yi wannan wahala, su ba ni a banza? Na yi ta lalube ina neman inda suka ɓoye ƙugiyar, ban samu ba, rashin samun ya ƙara dame ni.

Hajiya ta fi ni zargi. Ta tambayi ofishinsu, na ce babu. Ta tambayi mai shi, na ce na kowa ne. Ta zare tabarau ta kalle ni kamar na kawo mata ɓarawo gadi.

"Ko direba ba na ɗauka sai da wanda zai tsaya masa. Wa zai tsaya wa wannan?"

Na ce ni. Ta ce ai ni ma ba a gama sanina ba, in kawo babba.

Haka na ɗauko mahaifina daga Katabu, tsohon ma'aikacin gwamnati da ko saƙon waya sai an karanta masa. Ya gyara zaman babbar riga, ya ce bai san abin ba, amma ya san ɗansa, ya sa hannu. Kunya ta kama ni, da tsoro.

Muka hau keke-napep muka kama hanyar komawa. Da muka kai wajen Rafin Guza sai ya juyo.

"Kai dai ka yarda da shi ko?"

Na ce na yarda, Baba. Saura kwana tara a fitar da sakamako, kuma ban taɓa yi masa ƙarya ido da ido ba sai ranar.