Kofin Ruwan Yaya Ubaida

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Sha'aban, labari ya same mu a unguwarmu ta Arba wa Nus a Alƙahira cewa Allah Ya karɓi ran yayana Ubaida a Amurka, bayan gajeriyar rashin lafiya. Ni ce ƙanwarsa Shahd. Ban iya magana a cikin mutane ba, shi ya sa na rubuta.

Yaya, ina ƙarama ka bi Kawu Hasan zuwa can, don haka a waya na fi saninka. Da yaƙi ya koro mu daga Sudan zuwa Alƙahira, Umma ta samu aikin gida a unguwar Zamalek. Takan fita da sassafe, ni kuma in kulle ƙofa in zauna. Ban san kowa a benenmu ba. In na ji tafiya a matakala, numfashi ma a hankali nake yi. Kai ne hirata. Kana kira za ka ce, "Kunkuru, yau kin leƙo da kai ko har yanzu kina cikin ƙoƙo?"

Da ka shiga sojan ruwa aka tura ka makarantar da ake koyon injin jirgin da ke aiki da nukiliya. Na tambaye ka mene ne shi, ka ce, "Murhu ne da ba a hura masa gawayi, amma in ka yi gyangyaɗi a gabansa ka shiga uku." Na yi dariya har Umma ta leƙo.

Bayan zangon farko aka ce kowa ya nemi wurin zama a gari. Abokanka suka kama gidaje kusa da makaranta, don su samu barci. Kai kuwa ka ce sai ka bi hanyar Umma. Ita ba ta kama gida sai ta ƙwanƙwasa wa maƙwabci ta roƙi ruwan sha. In an miƙo ta bakin ƙofa an rufe, sai ta wuce. In an ce ta shigo ta zauna, khalas, shi ke nan, gida ya yi, ko da rufinsa na yoyo.

Haka ka dinga bin ƙofofi a ƙasar da ba a san wannan ba. Wani ya nuna maka shago ta taga. Wani karensa ne ya amsa. Ka ce min, "Kunkuru, saura kaɗan a kira wa yayanki 'yan sanda a kan ruwa." Sai wata tsohuwa Kirista mai suna Loretta ta buɗe, ta zaunar da kai, ta kawo ruwa a wani koren kofi. Ɗakin da ke kusa da ita ƙarami ne, ga nisa da makaranta, amma shi ka kama. Ka riƙa fitar mata da shara, ranar Juma'a ka kawo mata shinkafar masallaci.

Kullum kana ce min, "Ke ma je ki wajen Khala Widad ta ƙofar gabanku. Ruwa kawai za ki ce." Ni kuma in ce ma'alish, yi haƙuri, gobe.

Da aka faɗa mana rasuwarka, abin da ya fara zuwa raina shi ne ko kai kaɗai ne a ɗaki, babu mai riƙe maka hannu. Kawu yana wani gari mai nisa. Ashe tsohuwar ce ta ga ba ka fito gaishe ta ba, ta tayar da mutane aka kai ka asibiti, ta zauna a gefenka har ƙarshe. Ita ta je masallacin da kanta ta kira waɗanda suka yi maka wanka da salla. Da Kawu ya isa ya haɗa mu da ita a waya ta bidiyo. Ba na jin Turanci, ita ba ta jin Hausa. Sai ta ɗaga koren kofin nan ta nuna mana, tana kuka.

Da kwanakin zaman makoki suka wuce, Umma ta koma aiki, don ba a jiran mai aiki. Ɗakin ya yi shiru, wayar ma ta yi shiru. Na yafa mayafi na tsaya a ƙofar Khala Widad. Na ƙwanƙwasa. Na ce ruwa nake so. Ta dube ni ta ce, "Ya bitti, 'yata, sai yau? Shigo mana, shayi na kan wuta." Na shiga na zauna, Yaya. Abin da ya rage min shi ne babu wanda zan kira in gaya wa.

Allah Ya jiƙanka da rahama, Ya haskaka kabarinka, Ya ba ka maƙwabta na gari a can kamar yadda ka nema a nan. Allah Ya shayar da kai daga tafkin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Ina yi wa Umma da Kawu Hasan da dangi na Sudan ta'aziyya, Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Tsohuwar da ta buɗe maka ƙofa kuma, Allah Ya saka mata da alheri. Amin.