Tukwanen Iya Hajjo da Ba Su Taɓa Hawa Murhu Ba

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar kakata, Iya Hajjo, maginiyar tukwane ta ƙauyenmu Gaɓar Marke, a bakin kogin Watari. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa ɗaukar alƙalami a kanta ba, ni da na tsufa ina koya wa 'ya'yan mutane rubutu a firamare. Bana kam dole ta sa, domin diga ta tono maganar da ta sha faɗa mini ina yi mata dariya.

Baƙon da ya zo garinmu yau zai ga gidaje a kan tudu, ya ɗauka nan aka kafa shi tun farko. Asalin gari yana can gangare, inda kogi ya yi kwana, wurin da muke ce wa Kufai. A can aka haifi Iya, a can aka yi mata aure. Takan ce a zamaninsu akwai mashigi a wurin, fatake na tsallakowa da jakunansu in ruwa ya janye, su sauke kaya a inuwar marke, su sayi busasshen kifi wajen masunta, su sayi tulu da kasko wajen magina. Da kogi ya yi ta cin gaɓa, damina bayan damina, sai mutane suka ɗaga jinkarsu suka hau tudu. Rayayyu suka tashi, mamata kuwa aka bar su inda suke kwance.

Iya mace ce mai kaifin baki, ba ta raga wa kowa, balle ni jikanta da take kira angonta. Ba ta ba da labari sai hannunta na cikin yumɓu. Wata rana da hantsi, na dawo hutu daga kwalejin horon malamai ina ji da kaina, ta dube ni ta ce:

"Kai ango mai farar takarda, ɗauko littafinka ka rubuta. Makabartar Kufai daga tsamiya take har kwanar ruwa. Uwata na ciki, 'ya'yana biyu na fari na ciki. Ka je ka kafa shinge, kada wata rana a shuka abinci a kan mutane."

Na ce, "Haba amarya, wa zai noma wannan yashin? Ko jaki ba ya kiwo a can."

Ta ce mini in ji da wautata, ta ci gaba da aikinta. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A lokacin babu wanda ya yi mafarkin injin ban-ruwa zai zo ya mai da kowane taku na bakin kogi gonar rani.

A ranar ce kuma ta nuna mini wani abu da na ɗauka tatsuniyar tsofaffi ce. A wajenmu itace ya yi ƙaranci tun da daɗewa, don haka da fasassun tukwane ake rufe kabari kafin a zuba ƙasa. Uwar Iya ta kafa wata doka a gidanmu: tukunyar kabari daban ake gina ta, ba a sayar da ita, ba a ɗora ta a murhu, sadaka ce. Don kada ta ɓace cikin na kasuwa, sai a dangwala mata babban yatsa sau uku a ƙarƙashin baki tun tana ɗanya. Tukunyar girki kuwa totuwar masara ake mirginawa a wuyanta. Iya ta riƙe dokar nan har hannunta ya fara rawa.

Bayan rasuwarta aka zo rabon gonaki. Wani yanki na Kufai ya faɗa hannun Sale, ɗan ƙanin mahaifina. Tsamiyar an riga an sare ta, an ƙone ta a murhun wani biki. Ina zaune a wurin rabon, maganar Iya ta taso mini har maƙogwaro, na haɗiye ta. Na ce a raina ba ni da tabbas, kada a ce ina yi wa ƙanina hassada. Gaskiyar ita ce tsoron bakin dangi na ji, kuma ina jin kunyar wannan shirun har yau.

Da ranin da ya wuce, zan wuce gonar albasata, sai na ga Sale yana haƙa hanyar ruwa don tumatir, ya tara tsingaro a gefe. Ruwan shekaru ya wanke ƙasar sama, shi ya sa diga ta kai gare su. Na ɗauki guda na goge da hannun riga. Babu ko ɗigon baƙin wuta a jikinsa, ga dangwale uku a jere. Na ɗauki na biyu, na uku, duk haka. Na zauna a kan kunyar gona. Na gaya wa Sale abin da yake tonowa, sai ya jingina da digarsa ya ce:

"Yaya, tsingaron kufai ne, ko'ina akwai shi. 'Ya'ya tara gare ni. In na bar nan, ina zan sa ƙafa?"

Ban ga laifinsa ba. Gonakinmu an raba su, an sake rabawa, har ta wani ba ta fi filin masallaci ba. Sale ba mugu ba ne, rashin sani ne, wanda aka ce ya fi dare duhu. Wanda ya sani ya yi shiru kuwa, ni ne.

Nakan tambayi kaina, da Iya za ta leƙo yau, me za ta ce? Ba na jin za ta yi kukan robobin da suka kori tulu, don ita kanta da bokitin roba take jiƙa yumɓunta, tana cewa ba ya fashewa kamar na wasu. Injin ban-ruwa ma zai burge ta, matar da ta yi shekaru tana hawo gangare da ruwa a ka. Za ta yi mamakin yaran garin da ba su san an taɓa yin mashigi ba, suna ce wa wurin "wajen inji na biyu". Sale kuwa ba za ta zage shi ba. Ni za ta nemo, ta tambaye ni ina littafin da ta ce in ɗauko.

Na zuba tsingaron a buhu na kai wa liman da mai unguwa. Aka kira Malam Buba, wanda ya fi kowa shekaru a garin, idonsa ya riga ya tafi. Ya shafa bakin tsingaron da yatsa, sannan ya ce, "Hannun uwar Hajjo ne. Da irinsa muka rufe babana." Daga nan babu wanda ya sake musu. Aka mai da tsingaron inda aka tono shi, aka rufe, aka yi addu'a.

Amma addu'a ba ta ciyar da 'ya'ya tara. Na yanka rabin fadamata na ba Sale a madadin wurin. Mai ɗakina ta yi kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu, manyan 'ya'yana suka ce tsufa ya fara taɓa ni. Ban sauya ba. Shirun da na yi a wurin rabo shi ya jawo wannan, kuma wanda ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ni da Sale muka tono kututturen tsamiyar, daga nan muka fara kafa shingen bini-da-zugu muna bin gaɓa.

Shingen bai kai kwanar ruwa ba tukuna. Akwai maƙwabta biyu da gonakinsu suka shiga ciki, har yanzu suna ce mini sai sun yi shawara. Ba ni da sauran fadamar da zan yanka musu, amma ina da ƙafa, ina da baki, kuma kowace Juma'a bayan sallah ina ƙofar gidajensu. Na sayi littafi, ina bin tsofaffin da suka rage ina rubuta sunayen waɗanda ke kwance a Kufai, da unguwar masunta, da inda mashigi yake. Kafin a tayar da injina bana, in Allah Ya yarda, shingen nan zai taɓa ruwa.

Me ya rage na Iya Hajjo? Randunanta sun fashe, babu ko ɗaya cikin jikokinta da ta iya gini, ramin da take ɗiban yumɓu ya cike. Abin da ya rage shi ne wanda ta gina ba don a gani ba. Mace ce, ba ta taɓa raka gawa ba, ba ta taɓa taka makabarta ba sai ranar da muka ɗauke ta muka kai ta. Duk da haka, shekara da shekaru babu wanda aka binne a garinmu ba tare da aikin hannunta ya tsaya tsakaninsa da ƙasa ba. Ta rufa wa mutanen gari guda asiri a ranar da ba sa iya cewa an gode. 'Ya'yanta biyu na nan a gefen da shinge bai kai ba, kuma ba zan zauna ba sai na rufa musu nasu.