Majo Ubaidu, Wanda Ya Koya wa Dillalan Shanu Cin Zogale

Allah Ya ba mu aro, kuma Ya karɓi abinSa. Ranar Litinin, 14 ga watan Yuli na 2025, muna gona muna maimai labari ya iso Cadakori cewa Majo Ubaidullahi Jaye, babban ma'aikacin gidan likitarmu, ya cika a Gidan Rumji bayan gajeriyar jinya. Hauya ta suɓuce mini, na zauna bisa kunya.

Majo, ni ne Mudi dillalin shanu, wanda kake ce wa sarkin taurin kai. Bara waccan na zo maka da gyambo a babban yatsan ƙafa, ciwon suga ya hana shi warkewa, an riga an gaya mini in bai gyaru ba sai yanka. Na rantse maka na bar suga cikin shayi. Ka tambaye ni mi nake fara ba cikina in na taso gona. Na ce hura mana, cike da ƙwarya, kamar kowane namiji!

Wallahi zumbur ka miƙe, ido na ƙyalli. Ka ce, "Baba Mudi, hanjinka ba buhu ba ne! Da abinci ya sauka cikinsa sai ya saki wani sinadari cikin jini, ya kai saƙo ga gaɓar da ke fitar da insulin mai sarrafa suga: shirya, suga na tafe. Shi ke ce wa tumbi ya sassauta, ya ce wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Fara da ganye da ƙuli ko wake, saƙon ya riga sugan isa. Amma hura cikin ciki wayam, ai baƙo ne ya faɗo gida ba sallama!" Kai, ban taɓa ganin mutum na murna da hanji kamarka ba.

Na ji, amma na ƙi. A wajenmu kwaɗon zogale abincin mata ne da na shekarar yunwa. In 'yan kara, abokan dillancin shanu, suka gan ni da shi, sai su ce Mudi ya karye. Ba ka yi mini faɗa ba. Ranar kasuwa sai ga ka bisa moto, babur ɗinka, da kwanon kwaɗon zogale niƙi-niƙi, ka zauna tsakiyar dillalai da farar rigarka ta aiki, ka sa hannu kana lashe yatsu. Aka bushe da dariya, har wani ya ce albashi ya yi jinkiri. Kafin la'asar kwano ya ƙare tas, kuma mai tsokanar nan shi ya suɗe shi.

Daga nan na bi: kwaɗo tukuna, sannan 'yar hura, ga ƙwayoyin magani kan lokaci, ga wankin gyambo da kake yi da hannunka ba ƙyama. Ranar da ka kwance bandeji ka ga fata ta haɗe, kabbarar da ka yi har mata masu awon ciki sun leƙo. Na yi farin cikin da ban yi ba tun haihuwar ɗana na fari.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Ummuhani, da ɗiyanka Haidar da Munira, da duk masu ciwon suga daga nan har Sae Sabuwa. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makoma, Ya ba iyalinka haƙuri.

An kawo mini amalanke in hau zuwa maƙabarta, na ce a'a. Da ƙafafuna biyu na raka ka, Majo, kuma ina cikin waɗanda suka ɗauki makara.