Shuni a Goshin Yarinya

A bakin kasuwar Zango, kusa da inda marina ke shanya zannuwa, akwai wata mai fura da ke zama can gefe ita kaɗai. Ban san sunanta ba. Doguwa ce, baƙa, da tsage a kumatu, kuma ba ta ɗaga ido ko tana damu. Sauran mata na hira suna miƙa wa juna goro, amma goron ba ya isowa gare ta.

Yau ta kwance goyo a gabana. Ashe yarinyar fara ce sol, an aske mata kai ƙwal, sai dai tsiron gashin ja-ja ne. Ina jin wani Nasara ne ya ajiye uwar a bariki, da ya koma ƙasarsu ya bar ta da wannan. Kowa kuwa ya san kumandan, Baturen da ke mulkin garin, yana aiko gardi, wato dogaransa masu jar hula, su kwashe irin waɗannan 'ya'ya, wai kada jinin Nasara ya tashi a hannun baƙar fata.

Ga ta nan tana jiƙa bakin zanenta mai shuni da yawu, tana goga wa 'yar a goshi, a kumatu, har bayan kunne. Yarinyar na ta dariya, ta ɗauka wasa ne.

Wata tsohuwa mai daddawa ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, wahalar banza kike yi. Idanun fa?"

Matar ta daɗe tana duban idanun nan irin na kyanwa. Can ta ce a hankali, "Inna, na koya mata rufe su in ta ga jar hula."