Hajja Nawal, Wadda Ta Fito Da Mu Daga Ɗaki

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga Sha'aban, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Hajja Nawal Abdurradi a gidan ƙaninta da ke garin Girga, bayan jinyar ciwon ƙoda. Shan inna ya kama ta tun tana goye, ta yi rayuwarta a kan sanduna biyu, tana sayar da shayi da wake a gefen gidan waya, inda naƙasassu ke karɓar tallafin gwamnati duk wata.

Hajja, ni magini ne kafin in faɗo daga bene in karye a baya. Na shiga ɗaki na juya wa duniya baya. Matata Sabah ta sayar da 'yan kunnenta, ta sayar da tukwane, ni kuwa na rantse ba zan nemi kuɗin guragu ba, don a ganina bara ce. Wata rana sai na ji ƙarar sanduna a matakala. Ke ce kika hau har hawa na uku, kina haki, kika zube a tabarma.

"Usta Shahata, kai ne sabon gurgun da ya fi mu tsada?" kika ce, kina kirana da laƙabin manyan magina. "Ka gina wa ƙasar nan makarantu, yau ta miƙo maka burodi kana yanga? Tashi mu tafi. Au, na manta, ba ka tashi. To a ɗauko shi!"

Rabona da dariya tun ranar da na faɗo, sai a lokacin.

Ke kika raka ni birnin Sohag wajen likitocin tantance naƙasassu. Aka dawo da mu, muka koma, aka sake dawo da mu. Na ce a haƙura. Kika ce haƙuri na mai ƙoshi ne. Har aka sa sunana cikin masu karɓar tallafi. Da tallafin nan 'yata ta koma makaranta, ni kuma na fito bakin titi ina sayar da kayan aikin gini.

Ba ni kaɗai ba ne. Kin shiga gidajen da ake ɓoye yara naƙasassu don kunyar maƙwabta, kika yi ta lallashin iyaye har suka fito da su. Wani uba da ke ƙone tallafin ɗansa kurma a shisha, kika same shi a teburin mai shayi, kika faɗa masa gaskiya a gaban abokansa. Ya zage ki ranar. Ranar jana'izarki shi ya fara kama makara.

Masu ɗauke da ke sun fara sauri kamar yadda aka saba, sai liman ya waiwaya ya gan mu a baya: masu keke, masu sanda, makafi riƙe da kafaɗun juna. Ya ce, "Ku sassauta, mutanenta ba su iso ba." Da irin tafiyarmu aka kai ki.

Allah Ya jiƙanki, Hajja. Ya yafe miki, Ya yalwata kabarinki, Ya tashe ki da ƙafafu lafiyayyu cikin Aljanna. Ga ƙaninki Ammu Rifa'i, wato Baffa Rifa'i, da 'yarsa Shaima da ta yi jinyarki, da dukkan dangi, Allah Ya ba ku haƙuri, mu ma Ya ba mu.