Malam Sada da ya tsallakar da mu rafi

Da safen nan 'yarsa ta bugo mini waya: Malam Sada ya rasu a Mawashi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu ban iya karyawa ba.

Shi ya koya mana Turanci a firamare a Kusada, shekarun da aka buɗe makarantu kyauta ko'ina. Wanda bai da fensir, sai Malam ya karya nasa biyu ya miƙa masa rabi.

Wata rana ya rubuta kalmar inch a allo. Muka ce mun sani, ai incin tela ne. Ya ce a wurin Bature tana da wata ma'anar kuma: mutum ya matsa kaɗan-kaɗan, a hankali, don kada ya faɗi. Muka kwafa, ba mu gane ba.

Ranar jarrabawar shiga sakandare a Kankia, ruwa ya kwana yana zuba. Rafi ya cika, direban motar da ta ɗauko mu ya ce ba zai shiga ba. Ni kuwa babana ya riga ya ce sau ɗaya zan zauna jarrabawar, in na rasa shi ke nan.

Malam ya tambayi wani makiyayi inda shanunsa ke bi. Ya cire takalmi, ya jera mu hannu da hannu, ya shiga gaba. Ruwa ya kai mini ƙirji, na tsaya cak ina kuka.

Ya waiwayo ya ce, "Binta, kada ki ɗaga ƙafa. Ja ta a ƙasa. Inch, 'yata, inch."

Haka muka ja ƙafa har muka fita, ba wanda ruwa ya ɗauka. Da jiƙaƙƙen yunifom na rubuta jarrabawar, kuma na ci. Na yi aikin nas har na yi ritaya.

Ina alfahari da cewa ni ɗalibarsa ce.

Da ƙaramar sallah na je gaishe shi. Idonsa ya yi rauni, amma ya gane muryata. Ya sa na lissafa masa 'yan ajinmu, da abin da kowa ya zama. Da na gama ya yi dariya ya ce, "Ashe ba mu jiƙe a banza ba."

Allah ya gafarta maka, Malam, ya haskaka kabarinka. Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a.